Shekarar da Muka Aske Gonar Tsoho

Yaran layinmu a Rijiyar Lemo sun fara ce min Kawu. Ni ɗin nan, da har yanzu in na ga ƙwallo ta gangaro sai na ɗan taɓa ta kafin in wuce. Ban yi furfura ba, ban ajiye tumbi ba, amma na yarda wani abu ya tsufa a jikina, don yanzu sai in zauna a rumfata ta gyaran waya a Kasuwar Sabon Gari, waya a buɗe a gabana, hankalina kuma ya tafi can wani zamani da ba ya dawowa. Shekaranjiya ma wani bawan Allah ya zo, da gani daga ƙauye yake, hularsa duk ta sha rana, ya miƙo min wayarsa ya ce, "Malam, an ce kai ne ka iya. Fom za ka cike min, wai gwamnati za ta biya manoma kuɗin dashen itace." Na karɓa, na jujjuya ta, na ce masa yau babu sabis, ya gwada rumfar gaba. Sabis kuwa cike yake fal. Hannuna ne ya ƙi.

Kada wanda ya karanta wannan ya nemi tsari a wurina. Aji uku na sakandare na tsaya, shi ma rabinsa a bayan katanga na yi shi. Yadda nake magana haka zan rubuta.

Da muna yara, ba mu san shigowar rani da kalanda ba, da zuwan Tsoho muke sani. Tsoho kakana ne, mahaifin Ummata, manomi a wani ƙauye can arewa da Kano, inda mota take ajiye ka ka ƙarasa da ƙafa. In ya gama kimtsa amfanin gona sai ya ɗauro buhuna ya taho. Tun daga bakin titi za ka ji mai baro yana "hanya, hanya," buhunan suna kacau-kacau kamar an cika su da caki, sannan ka ji sallamarsa, doguwa, wadda sai ya ja ta har maƙota sun amsa. Buhun 'ya'yan gawo daban, na masu kiwon raguna. Buhun tsamiya daban. Ga kalwa, ga garin kuka a ƙunshe, ga 'ya'yan kirya, ga ɗorawa da za mu sha har bakinmu ya koma rawaya, malamin Islamiyya ya gane wanda kakansa ya zo ba tare da ya tambaya ba. Umma ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, matan layi su yi ta shigowa da kwanuka, wannan ta ce a sam mata tsamiyar kunu, waccan ta ce ita kuka take so, mai kore shar ɗin nan ba ta kasuwa ba. Kwana uku gidanmu yana ƙamshin daji. Turmi ba ya hutawa. Kuma duk abin nan ba shuka shi aka yi ba, daga itatuwan da ke tsaye a cikin gonarsa yake. Yanzu a layin namu, in ka ji kacau-kacau to janareta ne yake shirin mutuwa. Darbejiyar da ke ƙofar gidaje duk an sare an yi shaguna, ragunan Sallah dusa suke ci da kwali, yaran yanzu kuwa in ka ba su ɗorawa sai su tambaye ka ta ina ake buɗewa.

Aikina ne rakiyar Tsoho kasuwa. Mu hau bas zuwa shataletalen Bata, daga nan in ɗora buhu a ka mu kutsa cikin Sabon Gari. Yana da wata kwastoma Ibo mai sayar da kayan miya, muna ce mata Madam. A Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ta fi tawa tsabta. Su ma suna da irin daddawarsu da suke yi da 'ya'yan kirya, kuma ta ce duk Kano babu mai kawo mai kyau irin ta Tsoho. Tana hango mu za ta miƙe, "Baba, sai yanzu? Na ɗauka ka yi sabuwar budurwa ka manta da ni." Shi kuma ya ce, "Ina ni ina budurwa, ga wannan ɓarawon ya hana ni sakat da wadda nake da ita." Ni ne ɓarawon.

Don tsakanina da Tsoho wasan jika da kaka ne, irin na gaske, ba na sama-sama ba. Kakata matata ce, shi kuma ɗan haya ne da ya ƙi tashi. In cire masa hula a gaban mutane sai ya fanshe ta da goro. In ɓoye masa sanda. In ce masa haƙoransa sun yi yajin aiki saura shugabannin ƙungiya. Shi kuma bai taɓa kirana da sunana ba, Guntun Boko yake ce min, wai an fara rubuta ni biro ya ƙare. Abin da 'ya'yansa ba su isa su faɗa masa ba ko da kai a sunkuye, ni ina faɗa ina tsaye, a yi dariya. Kuma al'ada ta ɗaure shi, kaka ba ya fushi da jika, in ya yi ma shi za a yi wa dariya. In ya gaji da ni sai ya ce, "Kai, gawon gonata ya fi ka amfani. Da damina ya zubar da ganye ya bar wa gero rana, da rani ya yi ganye ya ba dabba inuwa. Kai me kake bayarwa ban da ciwon kai?" In ce, "Ni nake ba matarka farin ciki." Ya kai min duka da carbi, ya rasa ni.

Haka muka taso har na zama saurayi, na bar makaranta, na koyi gyaran waya, na samu 'yar rumfa. A lokacin ji nake duk Fagge babu mai wayona. Na san layin da ake bi a kauce wa 'yan karota masu kama motoci a titi, na san yadda ake sa tsohuwar waya ta yi ƙyalli kamar ba a taɓa kira da ita ba. Kowace doka in aka kafa, ni ƙofar bayanta nake fara nema.

Ranar nan da bazara, zafi kamar a cire fata, sai ga Kawu a rumfata. Kawu ƙanin Umma ne, shi ne yake noma tare da Tsoho, ga iyali sun yi masa yawa. Ya zauna a benci ya sha ruwan leda biyu, sannan ya fara. Wai gwamnati ta kawo wani shiri ƙaramar hukumarsu, na hana hamada cin ƙasa. Duk manomin da gonarsa ta lalace, ta zama fili fetal, za a rubuta sunansa, a ba shi dashen itace a leda, ya dasa ya kula da su, a riƙa turo masa kuɗi ta waya duk shekara. Malamin gona ya zo da babur, yana bi gona-gona yana ɗaukar hoto.

"To an rubuta ku?" na ce.

"Ina fa. Ya tsaya a bakin gonarmu ya ɗaga waya, ya ga gawo, ya ga ɗorawa, ya ga tsamiya, ya ce, 'Wannan ai lafiyarta ƙalau, ba ta cikin tsari.' Ya hau babur ɗinsa." Kawu ya goge gumi da hula. "Ka san su wa aka rubuta? Waɗanda suka sayar wa masu gawayi itatuwansu tun shekarun baya suka yi aure da kuɗin. Su ne yanzu masu gyaran ƙasa. Mu da Baba ya hana mu ko karya reshe, muna ji muna gani, mu ne ba ma cikin tsari."

Na yi dariya har da buga tebur. Na ce, "To Kawu, in sai marar lafiya ake ba magani, a sa mata ciwo mana."

Bai yi dariya ba. Kallona ya yi. Ni kuma da na ga yana kallona, sai kan nan nawa ya fara aiki, irin aikin da nake alfahari da shi. Na ce akwai wani mai motar kaya, kanta, da nake gyara wa waya, shi yake kawo wa gidajen biredin Sabon Gari itace, yana da masu injin yanka. A sare, ya saya, ga riba ɗaya. A kira malamin gona ya ga fili, a rubuta suna, ga riba biyu. A dasa sababbi, nan da 'yan shekaru gona ta koma yadda take, wa ya yi asara? Har da cewa na yi, "Kawu, wannan shi ake kira sabunta kaya."

Ya ce, "Baba ba zai taɓa yarda ba. Ni ko buɗe baki ba zan iya ba."

"Wa ya ce a tambaye shi? Ba sati mai zuwa zai zo a kankare masa yanar ido ba?"

Kawu ya ƙirga kwanaki da yatsu. Can ya ce, "Aikin zai ci sati uku. Likita kwana bakwai zai riƙe shi. Wa zai riƙe shi sauran?"

Na nuna ƙirjina.

Ban taɓa yi wa Tsoho wasa mai daɗi irin na satittikan nan ba, abin da ya fi ci min rai ke nan har yau. An yi aikin lafiya a wani asibitin ido, aka rufe idon da auduga, aka kawo shi gidanmu. Kwana bakwai na cika ya ce a haɗa masa kayansa. Da safe aka nemi takalmansa aka rasa. Umma, wadda ba ta san komai ba, tana ta ɗaga tabarmi, ni ina gefe ina shan koko.

"Guntun Boko, fito min da takalmina."

"Ni? Me zan yi da takalmin da ya girmi Najeriya?"

"Ka ji tsoron Allah. Gabas ta fara haɗa hadari, ban yi sassabe ba."

"Sassabe ko kishi? Ka ji an ce amaryata tana can ita kaɗai tana hutawa, shi ne hankalinka ya tashi. Zauna, Malam. Mai ido ɗaya ba ya zuwa zance."

Matan gida suka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Washegari hula ce ta ɓata. Jibi sanda. Da abin ya fara isarsa sai na canza salo, na ce likita ya ce in ƙura ta shiga idon sai an sake yankawa, kuma akwai dubawa ta ƙarshe nan da kwana goma. Wannan dubawar gaskiya ce, sauran ni na ƙara gishiri. Ina dawowa daga kasuwa da tsire da lemo, in zauna kusa da shi a ƙofar gida bayan la'asar, in yi ta kwaikwayon muryar 'yan kasuwa yana dariya har yana riƙe audugar kada ta faɗi. Dattawan layi suna cewa, "Kai Alhaji, ka yi dacen jika." Shi kuma ya ce, "Dace? Wannan jarrabawa ce." Amma da ya faɗa sai ya dafa kaina. A daidai lokacin wayata tana aljihu tana rawa, Kawu ne, yana so ya ce min an gama da gefen yamma.

Ranar dubawar ƙarshe ni na kai shi, da silifas da hular aro. Likita ya haska idon, ya ce alhamdu lillahi, ya ba shi baƙin gilashi. Muna fitowa ya tsaya ya ƙare min kallo sama da ƙasa ya ce, "Ashe haka kake da muni? Da na sani da na bar yanata." Na ce shi kuma ya zama kamar mai gadin gwamna da aka manta ba a sallama ba. Ya ƙi hawa adaidaita, wai shi sai ya taka ya ga gari, shekara nawa yana ganin Kano kamar ta cikin kunu. Komai sai ya tsaya ya kalla, atamfofi, lemon da aka jera, wata yarinya da jan ɗankwali. Ni kuma don mu guje wa cunkoson Bata sai na yanke da shi ta wani lungu a Sabon Gari. Wallahi ban tuna ba. Lungun bayan gidan biredi ne.

Kanta tana tsaye, lebura biyu suna sauke itace, manyan gungume, ɗanyu, ruwa na tsatsafowa daga bakin yankan. Direban yana hango ni ya ɗaga hannu, "A'a, oga! Ka ga kaya sun..." Na zare masa ido, ya haɗiye sauran.

"Ka san shi?" in ji Tsoho.

"Kwastoma ne. Mu je, rana."

Bai tafi ba. Ya cire gilashin ya matsa. Ya dafa wani gungume ya ce, "Gawo." Ya taɓa wani, "Kirya." Ya sunkuya kan wani ya kankare ɓawon da farce ya shinshina, ya daɗe a sunkuye. "Ɗorawa. Da 'ya'yanta a jiki aka kayar da ita." Ya juya wajen leburan, "Samari, daga ina wannan?"

Ɗaya ya ce, "Daga can arewa, Baba. Mu dai saukewa ce tamu."

Tsoho ya zagaya da hannunsa jikin gungumen gawon, bai kai rabi ba. Ya ce, "Allah ya jiƙan mai gonar nan."

Na ce, "Kai Tsoho, wa ya ce maka ya mutu?"

"Ya mutu. Mai rai ba ya bari a yi masa haka. Magada ne."

Na buɗe baki in saki wata, don ban taɓa rasa abin faɗa ba tun da na iya magana. Na ce, "To ka ga sai ka yi ta rai, kada mu gaje ka." Ban san yadda muryata ta fita ba. Bai yi dariya ba, bai kuma kalle ni ba. Ya mayar da gilashinsa, muka taho. Da muka iso gida na shiga bayan randa na ɗauko takalmansa da hula da sanda na ajiye masa. Gari na wayewa ya tafi. Umma ta ce in raka shi, na ce ina da wayoyin mutane.

Abin da ya faru can, a bakin matar Kawu na ji. Ta ce da ya sauka ko gida bai shiga ba, ya miƙe gona da jakarsa a kafaɗa. Ya tsaya a bakin iyaka. Ya wuce, yana tsammanin ya yi ɓatan kai da sabon ido, ya dawo. Sannan ya shiga ya zauna a kan wani kututture, rana tana dukansa, har aka yi azahar aka yi la'asar. Kawu ya je ya durƙusa a gabansa yana kuka, ya faɗa masa komai, har da wanda ya kawo dabarar, har da maganar takalmi. Ta ce Tsoho bai zagi kowa ba. Tambaya ɗaya ya yi, "Har da takalmin?" Kawu ya ce eh. Ya ce, "To."

Malamin gona ya dawo, ya ɗaga waya, ya ga fili fetal, ya ce yauwa. Aka rubuta sunan Kawu. Da maƙota masu sauran itatuwa suka ga dabarar ta ci, sai ga injin yanka yana kuka a ƙauyen har damina ta sauka, mai kanta ya yi ta safara, har kyautar waya ya kawo min. Dashen gwamnati bai iso ba sai da damina ta raba, 'yan tsirarun itacen turare da darbejiya a baƙar leda, rabinsu sun yi yaushi tun a mota. Kuɗi ya shigo sau ɗaya, wayar Kawu ta yi ƙara, aka yi murna, ya aiko min da nawa na sayi takalmi mai tsada da fanka. Shekara ta biyu aka ce ana tantance sunaye. Ta uku ya je ofishin ya tarar da sababbin fuskoki, suka ce su ba su gaji wannan fayil ɗin ba. Dashen kuwa awaki sun gama da su tun ranin farko, don da 'ya'yan gawo suke ci, da suka rasa sai suka ci abin da suka samu. Sannan iskar farkon damina ta samu hanya. Da itatuwa ne suke tare ta. Yanzu sai ta kwaso rairayi ta binne geron da ya tsiro, a sake shuka, ta sake binnewa. Rumbun da yake kai su wata damina ya koma ƙarewa kafin azumi.

Ba na cewa wanda ya tsara shirin mugu ne. Wataƙila mutumin kirki ne, ya zauna a ofis mai sanyi ya ce a biya wanda ya dasa. Bai tuna ya ce a biya wanda ya bari ba. Shi ya bar ƙofar a buɗe, amma ni na gan ta, ni na ja mutane muka shige.

A shekarar da aka yi saran, sai da Babbar Sallah na iya zuwa ƙauyen. Tun a mota nake shirya abin da zan faɗa, don a tunanina in na sa shi dariya sau ɗaya shi ke nan, an wuce wurin. Na same shi a zaure. Na yi sallama na ce, "Ina ɗan hayar nan, har yanzu bai tashi ba?" Sai ya miƙe tsaye. Tsoho, ya miƙe min. Ya jawo tabarma mai kyau ya shimfiɗa, ya kira ni da sunana na yanka, wanda tun da aka raɗa min ban taɓa ji a bakinsa ba, ya ce, "Sannu da zuwa. Ya hanya? Ya mutanen birni? A kawo wa baƙo ruwa." Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Na yi ta maza na kai hannu na cire masa hula. Ya zauna da kansa a buɗe, furfura a waje, yana kallon ƙofa. Ba wanda ya yi dariya. Can ya ce, a hankali, "In kana so ka riƙe." Na mayar masa da ita da hannu biyu.

Daga shekarar bai ƙara zuwa Kano ba. Me zai kawo? Madam ta yi ta tambaya, duk sanda na wuce ta gaban rumfarta, "Kai, ina Baba? Ina kiryata?" In ce ya yi ritaya, gwamnati ta ɗauke shi aiki. Ta ce, "Ka gaishe shi, ka ce ta wajen wasu duk tsakuwa ce." Daga baya na canza hanya. Matan layinmu ma sun daina leƙowa da kwano. Umma ta gane komai, ba ta taɓa yi min maganar ba, sai dai in ta sayo kukar kasuwa ta kaɗa miya ta fito fari-fari, takan ajiye min kwanon da ɗan ƙarfi.

Damina biyar ko shida aka yi a haka. Ina zuwa, yana miƙe min, ana kawo wa baƙo ruwa. Gonar kuwa ban taɓa yarda ƙafata ta taka ta ba.

Wata safiya ina cikin buɗe rumfa Kawu ya kira. Na ja ƙofar na rufe, na ɗauki Umma muka kama hanya. Mun isa rana ta take, an yi wa Tsoho wanka an suturta, ana jiranmu. A nan Kano tukwane muke sawa a rufe kabari kafin a zuba ƙasa. Su can itace suke jerawa, kuma daga gonar mamaci ake sarowa, jikoki ne suke zuwa. Liman ya ce, "Ina jikoki? A hanzarta, masu haƙa sun kusa gamawa." Ni ne babba. Aka miƙo min gatari. Kawu ya ce zai raka ni.

Ina tafe ina cewa a raina me zan sara a filin ƙwallo. Da muka isa sai na tsaya. A jikin kowane kututture akwai shingen ƙaya, an zagaye shi tsaf. A cikin kowane shinge toho ya fito daga tsohon gindin, an rage sauran an bar ɗaya ko biyu masu ƙarfi, an aske musu ƙananan rassa sun miƙe sambal. Wasu sun fi ni tsawo. Kaurinsu kamar damtsena. Gawo, kirya, har da ɗorawar.

Kawu ya ce, "Aikin Baba ne. Tun shekarar yake nan, kullum. Da ƙafa ta ƙi, a jaki ake kawo shi. Bai taɓa bari na taya shi ba."

Na ce, "Kawu, a nemo a wata gonar."

"Wace gonar? Ɗaga kai ka duba."

Na duba. Gabas da yamma babu abin da ya tsaya sai turakun wuta.

"To a saya."

"Kasuwa sai jibi. Gawa tana jira, ga rana."

Na cire takalmina, ban san dalili ba. Na janye ƙayar farko da hannu, ta soke ni, ban ji ba. Na yi bismillah. Ba su yi ƙwari ba tukuna, sara uku huɗu sai su kwanta, ko ƙara ba sa yi. Kawu yana bina yana sassabe ganyen yana tarawa, babu mai kallon wani. Sai da muka bi fiye da rabin gonar kafin ya ce ya isa.

Muka kai maƙabarta a ka. Wani dattijo cikin masu haƙa, yana tsaye a cikin ramin, ya karɓi ɗaya ya jujjuya, ya lanƙwasa shi a gwiwa ya ga yana bin hannu. Ya ɗago ya ce, "Wannan ai ɗanye ne sharaf, ga shi siriri. Sai dai a ninka biyu-biyu. Wa ya saro?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya girgiza kai. "Ɗan birni ne ko? Yaro, ba ka san itace ba."

Na ce, "Eh, Baba. Ban sani ba."

Ya ce, "To miƙo sauran."